Sabunta rufin tsohon gida a Taman Melati: Faci, ɗori ko a kware gaba ɗaya?

Duk wanda ya tashi a Kano ko Zariya ya san cewa da zarar bazara ta kama, maigida kan hau soro ya duba inda ya tsage, a yi yaɓe, a share indararo tun kafin ruwan farko ya sauka. To amma a Kuala Lumpur, babban birnin ƙasar Malesiya, babu wani rani mai tsawo da za a jira, domin ruwan da ake samu a shekara ya haura milimita 2,000, wato ya ninka na Kano fiye da sau biyu, kuma ya fi tsananta a watannin Maris da Afrilu da kuma Oktoba da Nuwamba.

Unguwar Taman Melati da ke yankin Setapak ba baƙuwa ba ce ga jama'armu, saboda kusancinta da Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Gombak, ga kuma tashar jirgin ƙasa na cikin gari da aka buɗe a 1999. Da yawa daga cikin gidajen unguwar irin na jere ne masu bango ɗaya da maƙwabci, waɗanda 'yan ƙasar ke kira rumah teres, kuma wasunsu sun haura shekara 30 da ginawa. Rufin da ya kai wannan shekaru ana dukansa da irin wannan ruwa, dole wata rana ya fara yoyo. Hanyoyi uku ne a gaban mai gida, kuma kowace da ribarta da kuma illarta.

Hanya ta farko ita ce faci. Galibin gidajen nan da tayil na siminti aka rufe su, kuma sau da yawa ba tayil ɗin ne ya mutu ba. Ko dai simintin da ya riƙe na ƙololuwa ne ya tsage, ko 'yan ƙwayoyi sun zame, ko ganye ya toshe magudanar ruwa, ko kuma mahaɗar rufi da bangon maƙwabci ta buɗe. Idan matsalar ba ta wuce haka ba, faci ya wadatar, kuma shi ne mafi sauƙin kuɗi. Amma idan aka ga an toshe nan, can ya ɓalle, duk bayan 'yan watanni sai an kira mai gyara, to kuɗin da ake kashewa kaɗan-kaɗan zai iya zarce na sabon rufi, ga asarar silin da wayoyin lantarki da ke jiƙewa.

Hanya ta biyu ita ce ɗora sabon kwano a kan tsohon rufi ba tare da an cire shi ba. Tana da sauri, ba sai iyali sun tashi daga gidan ba, kuma babu kuɗin kwashe shara. Sai dai mu a ganinmu wannan ce hanya mafi haɗari, domin tana rufe ainihin ciwon ne. Katakon da ke ɗauke da rufi a ƙasa mai laima irin Malesiya yana fama da gara da ruɓewa, ba kamar azarar giginya da kakanninmu suka dogara da ita ba saboda gara ba ta cika cin ta ba. Wanda ya ƙara nauyi a kan katakon da gara ta riga ta cinye cikinsa, ya sayi matsala ce da kuɗinsa.

Hanya ta uku ita ce a kware rufin baki ɗaya, a duba katako, a canza wanda ya lalace ko a sa ƙarfe maras nauyi a madadinsa, sannan a zaɓi abin da za a rufa. A nan ne ake muhawara tsakanin tayil da kwano. Tayil na siminti ba ya tsatsa, ba ya ƙara idan ana ruwa, kuma ɗaki ya fi sanyi a ƙarƙashinsa, amma nauyinsa kan kai kilo 40 zuwa 50 a kowace murabba'in mita, sannan yana bukatar rufi mai gangara sosai. Shi kuwa kwano nauyinsa bai cika wuce kilo 5 ko 6 ba, ana iya shimfiɗa shi a rufin da bai da tudu, kuma da yake dogo ne mahaɗarsa kaɗan ce. Illarsa ita ce zafi da ƙara, saboda haka duk wanda ya zaɓe shi kada ya yi ƙyashin sayen abin tare zafi da ake shimfiɗawa a ƙarƙashinsa. Haka nan robar da ke wuyan ƙusoshinsa kan bushe da daɗewa, ta nan yoyo ke farawa.

Akwai kuma wani batu da ya fi kuɗi muhimmanci, wato asbesto. An yi amfani da fallayen siminti masu asbesto sosai wajen rufi da silin a tsofaffin gidaje, a Malesiya da ma Nijeriya. A 1999 Malesiya ta hana aiki da nau'insa mai launin shuɗi, amma dokar ba ta sauke wanda ke kan gidajen mutane ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kowane nau'in asbesto na haddasa ciwon daji, kuma cutar kan ɗauki shekara 20 zuwa 40 kafin ta bayyana. Muddin fallen yana zaune lafiya haɗarinsa kaɗan ne, amma da an huda shi ko an fasa shi, ƙurar ta tashi. Don haka huda shi domin ɗora kwano a kai ganganci ne. Ƙwararru ne ya kamata su cire shi, a jiƙa shi, a sauke shi ɗaya bayan ɗaya ba tare da fasawa ba, yara kuma su yi nesa da wurin.

Kafin a fara aiki, ya kyautu a tuna cewa canza siffar rufi ko ƙara masa tsawo na bukatar izinin hukumar birnin, wato DBKL, kuma tunda bango ɗaya ne da maƙwabci, a sanar da shi tun da wuri domin rufinka da nasa a haɗe suke. Lokacin da ya fi dacewa shi ne wajen Yuni da Yuli, sa'adda ruwa ke ɗan sassautawa.

Ga 'yan uwanmu masu haya, waɗanda su ne za su fi yawa ganin cewa tun 2014 baƙo ba ya sayen gida a Kuala Lumpur ƙasa da Ringgit miliyan ɗaya, shawararmu ita ce a karanta takardar haya da kyau a ga wa gyaran rufi ya rataya a wuyansa, a kuma sanar da mai gidan a rubuce da zarar an ga tabon ruwa a silin.

Masu gini a gida Nijeriya ko Nijar su ma darasin bai bar su ba. Kafin a yi ciniki da mai sayar da kwano ko tayil, a fara sa kafinta mai amana ya shiga cikin silin da fitila ya ƙwanƙwasa katako ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya gani a can shi zai faɗa mana ko faci ya isa, ko kuwa lokacin kware rufin ya yi.