Ƙasa Ɗaya, Harshe Huɗu: Yadda A Ke Zaɓen Wakilai a Suwizalan

Sau da yawa in muna taɗi a kan sha'anin mulki, mu kan ji wani ya ce ai ƙasar da mutanenta ba su jin maganar juna ba ta iya yin zaɓe lafiya, gama kowa mai yarensa zai jefa wa ƙuri'a, daga nan masu yawa su danne marasa yawa. Maganan nan tana da kama da gaskiya, amma kafin mu karɓe ta ya kamata mu auna ta tukuna. A Turai akwai waɗansu ƙasashe biyu ƙanana, Suwizalan da Beljiyam. Kowace tana da harshe fiye da ɗaya, kowace kuwa mulkin tarayya ta ke yi, watau kowane yanki yana riƙe da al'amuransa na gida, sa'an nan ga majalisa guda ta ƙasa duka. A Suwizalan jam'iyyu sun ƙetare iyakar harshe. A Beljiyam kuwa sun tsaya a bakinta. Abin da mu ke so mu bincika shi ne dalilin wannan bambanci.

Bari mu fara da Suwizalan. Ƙasa ce mai duwatsu, ba ta kai Jihar Borno faɗi ba ko kusa, mutanenta kuwa wajen miliyan 9 ne. Cikin kowane mutum 100, kamar 62 Jamusanci ne babban harshensu, 23 Faransanci, 8 Italiyanci. Akwai kuma wani harshe da a ke kira Rumanshi, masu yinsa ba su kai 1 cikin 100 ba, amma duk da haka a 1938 aka sa shi cikin harsunan ƙasa. An raba ƙasar lardi 26, kowane da gwamnatinsa da majalisarsa. Lardi 17 na masu Jamusanci ne, 4 na masu Faransanci, 1 na masu Italiyanci, 3 suna aiki da harshe biyu, 1 kuma da harshe uku.

Majalisar tarayya tana zama a birnin Bern, ɗaki biyu gare ta, ikonsu kuwa daidai ya ke. Na farko ɗakin wakilan jama'a ne, mai kujera 200, a kan raba su ga larduna gwargwadon yawan mutanensu. A zaɓen 2023 lardin Zurik ya sami 36, Bern 24, waɗansu ƙananan larduna shida kuwa ɗai ɗai. Na biyu ɗakin wakilan larduna ne, mai kujera 46. A nan ba a duban yawa: lardi 20 suna aika mutum biyu biyu, sauran shida ɗai ɗai. Ba dokar da za ta tabbata sai ɗakunan nan biyu sun yarda da ita. Saboda haka manyan birane ba su iya zartar da abu su kaɗai, ƙananan larduna kuma haka.

Bayan kowace shekara huɗu a ke zaɓe, cikin watan Oktoba. Tun 1919 rabon kujerun ɗakin wakilan jama'a gwargwadon ƙuri'a a ke yinsa. Ga misali: in lardi yana da kujera 10, jam'iyyar da ta sami kashi uku cikin goma na ƙuri'u ta kan tashi da kamar kujera uku, ko da ba ita ce ta zo ta ɗaya ba. Kafin wannan shekara wanda ya fi ƙuri'a shi ke kwashe kome, shi ya sa jam'iyya ɗaya, ta masu sassaucin ra'ayi, ta daɗe tana rinjaye. Da aka sake tsarin sai rinjayen ya kuɓuce mata, har yau kuwa babu wadda ta sake samun rabin kujerun ita kaɗai. Mai zaɓe kuma yana da 'yanci mai yawa a kan takardarsa. Yana iya soke sunan wanda ba ya so daga jerin jam'iyyarsa, ya rubuta sunan wani sau biyu, ko ma ya ɗauko suna daga jerin wata jam'iyya ya haɗa. Mata ba su sami ikon jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya ba sai 1971, abin da ya nuna kowace ƙasa tana da inda ta makara.

To, ga sakamakon zaɓen 2023. Jam'iyyar Jama'ar Suwizalan, ta masu ra'ayin riƙau, ta sami kujera 62. Ta Soshiyalis ta sami 41, ta Tsakiya 29, ta masu sassaucin ra'ayi 28, ta masu kare muhalli 23. Abin lura a nan shi ne babu ko ɗaya cikin manyan nan da za a ce ta Jamusawa ce ko ta masu Faransanci. Kowace tana tsayar da 'yan takara a yankunan harsunan, tana kuwa da suna a kowane harshe. Akwai dai 'yan ƙananan jam'iyyu na lardi guda, kamar a Tichino da Janeba, amma kujerunsu ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

Me ya kawo haka? Amsar tana cikin tarihi. Babbar rigimar mutanen Suwizalan a da ta addini ce, tsakanin Katolika da Furotestan, iyakar addini kuwa ba ta bi iyakar harshe ba. Zurik da Lusan duka Jamusanci su ke yi, amma ta fari Furotestan ce, ta biyu Katolika. Janeba da Firibur galibi Faransanci su ke yi, su ma addininsu dabam dabam. Larduna bakwai na Katolika suka ƙulla ƙawance suka bijire, a 1847 aka yi yaƙin basasa. A cikin masu bijirewar akwai masu Jamusanci da masu Faransanci, wanda ya jagoranci rundunar tarayya kuwa, Janar Dufour, mutumin Janeba ne mai Faransanci. Yaƙin bai cika wata guda ba, mutum wajen 100 suka mutu, a 1848 aka kafa tsarin tarayya. Bayan wannan sai wata jayayya ta taso tsakanin ma'aikata da masu masana'antu, da kuma tsakanin birni da ƙauye, su ma ba su bi harshe ba.

Kowa ya taɓa tsayawa wurin masaƙi ya san ƙarfin tufa daga gicciyen zare da abawa ya ke. Haka al'amarin nan ya ke. Mutumin da ya ke cikin marasa yawa ta wajen harshe, sai ka iske shi cikin masu yawa ta wajen addini ko sana'a. Wanda ya yi hamayya da kai yau a kan haraji, gobe shi ne abokin tafiyarka a kan sha'anin makaranta. Da wuya ƙiyayya ta yi saiwa inda abokan gaba ke sakewa kullum.

Muna da shaida a kan wannan daga cikin ƙasar kanta. A lardin Bern akwai wani yanki mai suna Jura, mutanensa Faransanci su ke yi, alhali galibin lardin Jamusawa ne Furotestan. Arewacin yankin Katolika ne, watau sun bambanta da Bern ta harshe da addini gaba ɗaya, su ne kuwa suka nace sai sun fita, har aka ba su lardinsu a 1979. Kudancin yankin, masu Faransanci amma galibi Furotestan, suka zaɓi zama da Bern a lokacin. Inda tsaga biyu suka haɗu wuri ɗaya, nan bango ya rabu.

Amma fa ba sa'ar tarihi kaɗai ba ce, akwai dabara. Gwamnatin tarayya mutum bakwai ne, majalisa ke zaɓensu, shugabancin ƙasa kuwa karɓa karɓa su ke yi shekara shekara. Tun gwamnatin farko ta 1848 aka sa mai Faransanci ɗaya da mai Italiyanci ɗaya. A hankali aka riƙa jawo 'yan hamayya ciki: masu ra'ayin Katolika, waɗanda aka ci da yaƙi, sun shiga a 1891, jam'iyyar manoma a 1929, Soshiyalis a 1943. A 1959 manyan jam'iyyu huɗu suka daidaita a kan rabon biyu, biyu, biyu, da ɗaya, aka zauna a haka har 2003, sa'ad da Jam'iyyar Jama'a ta ƙara ƙarfi ta karɓi kujera ta biyu. Tsarin mulki kuma ya ce a kula kowane yanki da kowane harshe ya sami wakilci yadda ya dace. Har wa yau jama'a suna da linzami a hannunsu. In mutum 50,000 suka sa hannu cikin kwana 100, tilas a kai sabuwar doka gaban jama'a su jefa ƙuri'a a kanta. Don haka wanda aka ware daga shawara yana da hanyar rushe ta, masu mulki kuwa sun gane gara a zauna da shi tun farko.

Kada mu ɗauka babu saɓani sam. A Disamba 1992 an yi ƙuri'a a kan shiga wata yarjejeniyar ciniki da ƙasashen Turai. Masu Faransanci suka yarda ƙwarai, galibin lardunan Jamusawa suka ƙi, aka kayar da batun da 50.3 cikin 100. Ran masu Faransanci ya ɓaci, amma jam'iyyu ba su tsage ba.

Yanzu mu juya ga Beljiyam. Ta sami 'yancin kanta a 1830. Wajen kashi 60 cikin 100 na mutanenta harshen Holan su ke yi, suna arewa a yankin Filandas. Kamar 40 Faransanci su ke yi, suna kudu a yankin Waloniya da babban birni Burasal, ga kuma 'yan tsiraru masu Jamusanci a gabas. Da fari Faransanci ne harshen hukuma da kotu da manyan makarantu, masu harshen Holan kuwa suka daɗe suna jin an raina su. Kudu ce mai arzikin kwal da ƙarfe. Bayan yaƙin duniya na biyu masana'antun kudu suka soma durƙushewa, arewa ta bunƙasa. Sai ya zama harshe da arziki da ra'ayin siyasa duk sun bi layi guda, ga shi kuwa ɓangare biyu ne rak, kullum su ke fuskantar juna.

A 1962 da 1963 aka shata iyakar harshe da doka. Daga nan manyan jam'iyyu suka dare biyu bi da bi: ta Kirista a 1968, ta masu sassauci a farkon shekarun 1970, ta Soshiyalis a 1978. A 1993 ƙasar ta zama tarayya. Majalisar wakilai kujera 150 gare ta, amma in ka ɗebe Burasal, galibi mai zaɓe jam'iyyun harshensa kaɗai ya ke gani a takarda. Jam'iyyar Ma'aikata ce kaɗai cikin masu ƙarfi ta ke aiki a ɓangarorin biyu a matsayin jam'iyya guda. Ku duba abin da wannan ke haifarwa. Ɗan takara a arewa ba ya bukatar ƙuri'ar mutumin kudu ko ɗaya, don haka ba ya asarar kome in ya zage shi a dandali. Amma bayan zaɓe tilas su zauna tare, gama doka ta ce ministoci masu harsunan biyu su zama daidai wa daida, ban da firayim minista. Bayan zaɓen Yuni 2010 sai da aka yi kwana 541 kafin a kafa gwamnati. Bayan na Yuni 2024 ma sai Fabrairu 2025 Bart De Wever ya hau, da haɗin jam'iyyu biyar. Lalle a yaba musu, gama da baki su ke rigimarsu, ba da makami ba, amma wahalar a fili ta ke.

Mu ma a Nijeriya mun ɗanɗana irin wannan. A zaɓen Disamba 1959 an yi takarar kujera 312. NPC ta sami 134, duka daga Arewa. NCNC da abokiyarta NEPU suka sami 89, AG kuwa 73, kowace babbar jam'iyya da jihar da ta dogara a kai. Mulkin majalisar nan bai wuce Janairu 1966 ba. Shi ya sa masu tsara mulkin 1979 suka wajabta wa kowace jam'iyya ta buɗe ƙofarta ga kowa, ta kuma ɗebo shugabanninta daga aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohi.

Abin da muka gano dai shi ne yawan harsuna shi kaɗai ba ya ɓata zaɓe. Haɗarin yana zuwa ne sa'ad da harshe da addini da arziki suka jeru wuri ɗaya, ɗan takara kuma ya ga zai iya cin zaɓe ba tare da ya nemi yardar wanda ba ya jin yarensa ba. Yawancinmu aji za mu shiga in mun fita daga nan, yaran da za mu koyar kuwa su ne masu jefa ƙuri'ar gobe. In suka tambaye mu yadda a ke gane jam'iyyar kirki, kada mu tsaya ga sunanta ko tutarta. Mu koya musu su duba harshe nawa a ke yi a taronta, su kuma duba ko wanda ya faɗi zaɓe yana da wurin zama a majalisa.