Gurza bututun iskar inji a gida: yana ƙara wa mota ƙarfi ko kuwa ɓarna ce?

Akwai wasu hotunan bidiyo da ke yawo a WhatsApp da TikTok, inda ake ganin mutum ya kwance wani sashe na injin mota, ya sa ƙaramin injin gurza yana yashe cikinsa, har ya koma yana ƙyalli kamar madubi. Wai in an yi haka mota na ƙara ƙarfi da gudu. 'Yan'uwa da ke Faransa ko Amurka kan turo wa na gida irin wannan, su ce a gwada wa motar da suka aiko. To, kafin a ɗauki fayil, ga yadda abin yake.

Sashen da ake magana a kai shi ne bututun shaƙar iska, wanda makanikan da suka koyi aiki da Faransanci ke ce wa kolektar, na wajen iyakar Najeriya kuma su ce manifol. Yana manne a gefen kan inji, wato kulas. Iska na shigowa ta matata, ta wuce karbirato ko maƙogwaron totur, sannan wannan bututu ya raba ta reshe-reshe, kowace silinda da nata. Inji dai mashaƙin iska ne fiye da yadda yake mashayin mai. Kilo ɗaya na esansi yana buƙatar iska kilo 14.7 kafin ya ƙone tas, wato lita ɗaya ta mai na tafiya da iska kusan lita 9,000. Kun ga ke nan duk abin da ya tare wa iska hanya ya rage wa mota ƙarfi. Daga nan tunanin gurzar ya samo asali, kuma tunanin ba ƙarya ba ne.

Sai dai ku duba inda aka haifi sana'ar. Masu tseren motoci ne, musamman a Amurka da Turai, waɗanda injinansu ke juyi 6,000 ko 7,000 a minti ɗaya, suna neman ko da ɗan ƙarin ƙarfi kaɗan don su riga abokin hamayya. Su kuma ba bututun kaɗai suke taɓawa ba. Suna gyara kulas da bawul, su canza salansa, su sake saita yawan man da ke shiga. Suna da na'urar da ke auna iskar da ke ratsa kowane reshe, su gurza kaɗan, su auna, su sake gurzawa. Wanda ke aiki a zaure da ido da yatsa ba shi da wannan ma'auni.

Motocinmu fa? Starlet ɗin da ke taksi a Yamai, ko Hiace mai ɗaukar fasinja tsakanin Maraɗi da Damagaram, ko tsohuwar 504 da ke zuwa cin kasuwannin ƙauye da buhunan gero, yawancin rayuwarsu suna tsakanin juyi 2,000 zuwa 3,000 ne. Abin da suke buƙata shi ne ƙarfin ja daga ƙasa, su tashi da kaya, su fita daga rairayi. A nan ne faɗaɗa rami ke iya zama asara. Duk mai ban ruwa a garka ya san in ya danne bakin tiyo da babban yatsa ruwan na fita da ƙarfi, in ya saki sai ya zubo a sanyaye. Haka iska take. In reshen bututun ya yi faɗi fiye da kima, iskar na tafiya a hankali lokacin da inji ba ya juyi sosai, silinda ba ta cika yadda ya kamata. Sai a samu motar da ta ɗan ƙara kuzari a can ƙololuwa, inda direba ba ya zuwa, amma ta yi sanyi wajen tashi, inda yake wuni.

Batun ƙyallin ma akwai gyara. A motocin karbirato, da iska da mai tare suke ratsa bututun. In bangon ciki ya yi santsi kamar gilashi, man na taruwa ɗigo-ɗigo yana gangarawa, maimakon ya gauraya da iska. Wata silinda ta sha da yawa, wata ta samu kaɗan, buji ya yi baƙi, mota ta riƙa shaƙewa da safe. Shi ya sa ƙwararrun ma kan bar ɓangaren shigar iska da ɗan kaushi, irin wanda samfefa mai lamba 80 ke bari. Ƙyallin da ke burge mutane a bidiyo, galibi don ido ne.

Sannan ga haɗarin da ba a nunawa. Da yawa daga cikin bututun tsofaffin motoci na alminiyam ne, kuma akwai hanyar ruwan lagireto a jikinsu, wadda ke ɗumama su. Bangon da ya raba ruwa da iska bai wuce 'yan milimita ba. In hannu ya zarce ya huda, ruwa zai shiga silinda, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Garin ƙarfen da aka gurza, in ba a wanke shi sarai ba, inji zai shaƙe shi, ya kankare silinda da zobban fistin. In kuma aka taɓa fuskar da ke zama kan juwan, iska za ta riƙa satar shiga ta gefe, mai ya yi ƙaranci, inji ya yi zafi. Motocin da aka ƙera daga shekarun 1990 zuwa yau da yawa ma bututunsu na roba ne, babu abin gurzawa a ciki. Ƙarfen da aka cire ba ya komawa, kuma tun da hanyar Kwatano ta samu matsala a 2023, kowa ya san neman kayan gyara bai da sauƙi kamar da.

To wanda ya nace fa, yana da tsohon inji na banza da yake son koyo a kai? Aiki ɗaya ne za a ce yana da ma'ana, shi ne daidaita bakin rami. A cire bututun gaba ɗaya daga mota, a toshe ramukan kulas da tsumma mai tsabta. A ɗora sabon juwan a fuskar bututun, a zana gefen raminsa da alƙalami, sai a cire ƙarfen da ya tokare cikin zanen kawai, tare da ƙurajen da zubin masana'anta ya bari. Kada a zurfafa fiye da santimita 2 ko 3, kuma kada ramin bututun ya fi na kulas girma, don iska za ta riƙa karo da gefe. Abin da aka yi wa reshe ɗaya shi za a yi wa saura. A sa tabarau, a rufe hanci, a wanke da ruwa da sabulu har sai farin tsumma ya fito fes. Ko an yi komai daidai, a injin da ba a canza masa komai ba, da wuya direba ya ji bambanci a ƙafarsa.

A ganinmu, ƙarfin da motocin ƙasar nan ke rasawa a wani wuri yake ɓacewa. Ƙurar hunturu na toshe matatar iska cikin ɗan lokaci, kuma akwai masu al'adar cire ta ko huda ta wai don mota ta numfasa, alhali rairayi suke ɗura wa inji. Sabuwar matata ta fi duk wata gurza. Man ruwa-ruwa na kwalba, in da datti ko an yi masa gauraye, yana toshe karbirato da injekta. Akwai kuma zafi: iskar da ta kai digiri 45 ta fi ta digiri 20 sakayau da kusan kashi 8 cikin ɗari, shi ya sa mota ke yin nauyi da tsakar rana a watan Afrilu. Wannan babu makanikin da zai gyara shi, sai dai a tabbatar bututun da ke janyo iska daga waje bai yage yana shaƙar zafin inji ba.

Masu Hilux na gazuwal ƙirar D-4D su ne ya kamata su buɗe bututun nan, amma don wanki. Irin waɗannan injina suna mayar da wani kaso na hayaƙi cikin bututun iska, hayaƙin ya haɗu da tururin baƙin mai, ya daskare kamar kwalta har ramin ya tsuke. Mota ta riƙa baƙin hayaƙi, ta kasa hawan tudu. A kwance, a kankare da katako ko roba, a jiƙa da gazuwal ko kananzir nesa da wuta, a wanke, a bar shi ya bushe sarai. Kada a yi amfani da sodar da ake dafa sabulu da ita, tana cin alminiyam. Wajen mayarwa a sa sabon juwan, a ɗaure notuna daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan, sannan a tada inji a saurara ko akwai ƙarar iska tana tsiyaya.