Jami'ar Kembirij: Inda Almajiri Kan Gyara Wa Malaminsa Zance

Sunan Kembirij ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Kafin Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa cikin 1952, ta karɓi aikin, daga can ake aiko da jarrabawar fita sakandare. Cikin 1899 da 1900 kuma maɗaba'ar jami'ar ta buga ƙamus na Hausa wanda Charles Robinson ya tsara, wani Bature da ya taka har Kano, ya koma yana koyar da Hausa a can. Amma da yawa sun san sunan ne kurum, ba su san abin da ya jawo masa daraja ba.

Waɗansu za su ce tsufa ne. Gaskiya ne ta tsufa, gama tun 1209 waɗansu malamai suka gudo daga Oksfod bayan rigima da mutanen gari, suka sauka a bakin kogin Cam, arewa da London. Amma Turai cike take da tsofaffin makarantu waɗanda ba a jin ɗuriyarsu. Wanda yake son ya gane asirin, sai ya dubi ɗakin bincike guda ɗaya, watau Cavendish, wanda aka buɗe cikin 1874.

Cikin 1884 aka ba J. J. Thomson shugabancin ɗakin, bai ko cika shekara 30 ba. A zamanin nan masana sun ɗauka ƙwayar zarra ita ce iyakar ƙanƙanta, ba ta rabuwa. Cikin 1897 Thomson ya nuna akwai abin da ya fi ta ƙanƙanta a cikinta, shi ne ilaktiron, wanda gudunsa cikin waya shi ne wutar lantarki. Sa'an nan ya siffanta yadda yake zaton cikin zarra yake. To, a cikin almajiransa akwai wani ɗan manomi daga New Zealand, ana ce da shi Ernest Rutherford. Shi ne fa cikin 1911, yana aiki a Manchester, ya tabbatar da cewa siffar da malaminsa ya bayar ba daidai ba ce: nauyin zarra kusan duka yana dunƙule ne a wata 'yar cibiya a tsakiya, saura kuwa fili ne.

A wani wurin da sai a ce yaro ya yi rashin kunya, a rufe masa ƙofa. A nan kuwa, da Thomson ya sauka cikin 1919, Rutherford ɗin aka kira ya gaje shi. Masu karatu sun san darajar silsila a makarantun ilmi, wane ya yi karatu wurin wane. Su ma suna da tasu, sai dai ba a shiga cikinta da hadda kaɗai, sai mutum ya zo da hujjar da kowa zai iya gwadawa da hannunsa.

Cikin 1932, a ƙarƙashin Rutherford, James Chadwick ya gano wata ƙwayar a cikin cibiyar nan, wadda ake kira nutiron, John Cockcroft da Ernest Walton kuma suka fasa cibiyar da na'urar da suka harhaɗa da kansu. Duk da haka Rutherford ya ce masu zancen samun ƙarfin wuta daga zarra tatsuniya suke yi. Ya rasu cikin 1937. Shekara takwas bayan haka bom ya faɗa wa Hiroshima, Chadwick kuwa shi ya shugabanci masanan Ingila da suka taya Amurka ƙera shi. Shi ma dai babban malamin, aikin almajiransa ya ƙaryata shi, ta hanyar da ba wanda zai yi murna da ita.

Wannan hali tun daga aji ake dasa shi, nan ne kuma ya kamata malaman makaranta su lura. Jami'ar ta kasu kwaleji 31. Ban da laccar da ake yi wa taro, kowane mako ɗalibi ɗaya ko biyu ko uku sukan zauna da malami kamar sa'a guda, bayan sun ba shi abin da suka rubuta. Ba a tambayar ɗalibi ya maimaita littafi. Ana tambayarsa ne me ya sa ya faɗi haka, a yi ta ja har hujjarsa ta tsaya ko ta faɗi. Hanya ce mai cin kuɗi ƙwarai, makarantu kaɗan ne ke iya ɗaukar nauyinta. Waɗanda suka yi karatu ko aiki a jami'ar suka sami lambar Nobel sun haura 120.

Sai dai ƙofar ta daɗe a rufe ga rabin jama'a. Cikin 1890 Philippa Fawcett ta fi dukan maza maki a babbar jarrabawar lissafi, ba a ba ta digiri ba, don sai 1948 aka yarda mata su sami cikakken digiri. Cikin 1953 kuma, da Francis Crick da James Watson suka bayyana siffar DNA, watau abin da ke ɗauke da gadon halitta daga iyaye zuwa 'ya'ya, a Cavendish suka yi, amma sun dogara da awo da hotunan da aka samu daga aikin Rosalind Franklin a London. Ita ma a Kembirij ta yi karatu. Ta rasu cikin 1958 tana da shekara 37, aka ba su lambar Nobel cikin 1962.