Kafin Ka Sayi Makirufo, Saurari Ɗakinka

Ba da daɗewa ba, matashin Zandam ta yankin Gwaram da ke son a ɗauki waƙarsa sai ya tara kuɗin mota, ya bi ta Birnin Kudu da Wudil ya shiga Kano, ya nemi situdiyo a wajajen Zoo Road inda 'yan fim da mawaƙa suka yi sansani. Ya biya kuɗin kiɗa, ya biya na ɗora murya, in layi ya yi tsawo har kwana ya kama shi. Yanzu abin ya sauya. Mai kiɗa yana zaune a Kano ko Dutse zai turo kiɗan ta WhatsApp, mawaƙi ya ɗora muryarsa a ɗakinsa ya mayar masa a haɗa. Ba mawaƙan biki da na siyasa kaɗai ba: akwai sha'irai masu bege, akwai mata masu karanta littattafan Hausa suna sawa a YouTube, akwai ɗaliban da ke son adana karatun malaminsu. Daga Sara zuwa Basirka, a duk faɗin Gwaram, tambayarsu guda ce: da ɗan abin da ke hannuna, wane makirufo zan saya?

Yawancin masu ba da amsa a intanet suna magana ne daga ɗakunan da ba su san ƙarar janareta ba, ba su san ruwan sama a kan kwano ba. Abin da ya dace da su ba lallai ya dace da mu ba. Ni a ganina, ɗakin da za a yi aikin da irin wutar da ake samu su ne ya kamata su zaɓa wa mutum makirufo, ba hoton da ya gani a bidiyon wani mawaƙi ba.

A cikin kowane makirufo akwai wani siririn faifai da ke karkarwa idan iskar murya ta taɓa shi, kamar yadda fatar kalangu ke amsawa. Aikin na'urar shi ne ta mai da wannan karkarwa ta zama siginar lantarki. Hanyoyin da aka fi bi guda biyu ne. Na farko shi ne dainamik: an manna wa faifan naɗaɗɗiyar waya a tsakiyar maganaɗisu, da ya motsa sai ta haifar da lantarki da kanta. Ba ya neman wuta daga ko'ina, yana jure faɗuwa, zafi da ƙura. Shi ne wanda ladan ke riƙewa, shi ne a hannun sanƙira a wurin biki. Na biyu shi ne kwandensa: faifansa ya fi siranta sosai, an ajiye shi dab da wani farantin ƙarfe, kuma sai an ba shi wuta yake aiki, galibi bolt 48 da ake kira fantom. Wani injiniya a Amurka mai suna E. C. Wente ne ya ƙirƙiro shi a 1916, sannan Georg Neumann na Jamus ya fara ƙera shi don sayarwa a 1928. Saboda rashin nauyin faifansa yana kama kowane ɗan motsi na murya, har shaƙar numfashi. Wannan ne ya sa manyan situdiyo ke ƙaunarsa.

Wannan kaifin ji ɗin ne kuma yake zama matsala a gida. Kwandensa ana tsayawa nesa da shi kaɗan, kamar taƙi guda, kuma yana fito da siraran sautuka tar. Don haka tare da muryarka zai kwaso kukan akuya, sallamar almajiri a ƙofar gida, injin markaɗe na maƙwabta, da amsa-kuwwar bangon siminti. Dainamik ba wani sihiri gare shi na kore hayaniya ba. Sirrinsa shi ne an yi shi don a kusance shi, leɓe ya kusan taɓa ragar. Ƙa'idar sauti ce: duk lokacin da ka rage nisan bakinka da makirufo zuwa rabi, muryarka na ƙaruwa da wajen desibel 6, alhali ƙarar janaretan da ke bayan katanga tana nan yadda take. Wanda ya matso daga santimita 20 zuwa 5 ya ɗaga muryarsa sama da hayaniyar gida da kusan desibel 12 ba tare da ya kashe ko kwabo ba.

Kada a ɗauka dainamik kayan talaka ne kawai. Shure SM58, wanda ya fito tun 1966, har gobe shi manyan mawaƙan duniya ke riƙewa a dandali, kuma farashinsa bai wuce kusan dala 100 ba. Da wani dainamik na kamfanin, SM7, aka ɗauki muryar Michael Jackson a yawancin waƙoƙin faifansa na 1982 mai suna Thriller. Wanda dala 100 ta yi wa nauyi, kuma ta yi wa da yawa tun da darajar naira ta faɗi daga tsakiyar 2023, akwai Behringer XM8500 da ake samu a wajen kashi ɗaya bisa huɗu na wannan kuɗi, kuma aikinsa ba na raini ba ne.

Akwai makirufon da ya cika kasuwa wanda nake so a yi hattara da shi, wato BM-800 da 'yan uwansa masu ruwan gwal. Yana zuwa da kwali babba, da ƙarfen maƙalawa a tebur, da soso, wani lokaci haɗe da akwatin V8 mai maɓallan tafi da dariya. Wanda ya buɗe kwalin zai ji kamar ya mallaki situdiyo. Amma cikin wannan babban jiki ɗan ƙaramin kai ne mai araha, kuma idan aka soka wayarsa kai tsaye a kwamfuta, sautin kan fito a raunane tare da wani shuuu da ba ya yankewa. Shi kuwa V8 an yi shi ne don masu hira kai tsaye a Facebook da TikTok. Amsa-kuwwar da yake ƙarawa tana shiga cikin muryar ta zauna daram, mai haɗa sauti ba shi da yadda zai cire ta. Haka ma ƙananan makirufo marasa waya da ake maƙalawa a wuyan riga: suna da amfani ga mai wa'azi ko mai tallar haja, amma na'urar rage hayaniyar da ke cikin yawancinsu tana cinye wutsiyar murya idan aka ja baiti. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, sai dai a wannan harka adon ne ya yi yawa, aikin ya yi kaɗan.

Sai maganar yadda za a haɗa shi da waya ko kwamfuta, don nan ne mutane da yawa ke sayen abu su dawo gida su tarar ba ya shiga ko'ina. Makirufo na ƙwarai yawanci baki mai ƙafa uku gare shi, wanda ake kira XLR. Wannan ba ya shiga kwamfuta sai ta wani ɗan akwati da 'yan situdiyo ke kira sawun-kad, wanda ke ɗaga siginar ya mai da ita lambobi. Behringer UM2 da UMC22 suna cikin masu sauƙin kuɗi, Focusrite Scarlett Solo ya fi su tsabtar sauti da tsada. Duk ta USB suke shan wuta, kuma duk suna ba da fantom. Ma'ana, wanda zai sayi XM8500, da yake mai bakin XLR ne, ya lissafa da kuɗin akwati da kebul tun kafin ya bar gida. Ɗaya hanyar ita ce makirufo mai USB, wanda akwatin ke cikin jikinsa. A nan wanda na fi ba da shawara ga mai farawa shi ne irin Samson Q2U: dainamik ne, yana da bakin USB da na XLR duka, yana da ramin hedfon da za ka riƙa jin kanka ba tare da jinkiri ba, kuma da ɗan mahaɗin OTG yana aiki da wayoyin Android da yawa. Yau ka yi aiki da waya da manhajar BandLab, gobe in Allah ya hore ka sayi sawun-kad ka ci gaba da makirufonka.

Wuta ita ce babbar jarrabawar mai ɗaukar murya a karkara. Ba rashinta kaɗai ba, har samuwarta. Wutar KEDCO da ta janareta duka suna juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma idan wayoyin gida ba su da kyakkyawan haɗi da ƙasa, wannan juyi na shiga cikin sauti a matsayin ƙugi mai kauri. Caja mai araha da wasu inbatocin sola su ma suna zuba nasu zuzuniyar. Maganin mai sauƙi ne: a cika batirin kwamfuta ko waya, a zare caja, a kashe fanka, sannan a ɗauka. Duk kayan da na ambata a sama batirin kwamfuta na iya riƙe su. Wannan wani dalili ne na guje wa babbar miksa da sai an jona ta a bango.

Ɗaki fa? A nan mutumin Zandam yana da gatan da na birni ya rasa. Tsohon ginin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara yana tare hayaniyar waje, kuma ba ya mayar da murya da kaifi irin na ɗakin bulo mai silin da tayil. Wanda yake da zaɓi ya gwada duka biyun: ya tsaya a tsakiya ya tafa hannu sau ɗaya. Inda tafin ya mutu nan take, nan ne situdiyonsa. Inda ya ji wani ƙirrr na bin bayan tafin, akwai aiki. A shimfiɗa darduma ko kafet, a jingine katifa a bango, a rataya bargo mai kauri. Wuri mafi muhimmanci shi ne bayan mai waƙar, domin nan ne fuskar makirufo ke kallo. Yawancin waɗannan makirufo suna ji sosai ta gaba, kaɗan ta gefe, kusan babu ta baya, don haka a juya bayan makirufon wajen taga ko ƙofar da hayaniya ke shigowa.

Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango, wanda ya zama kamar alamar ƙaramin situdiyo a garuruwanmu, bai cancanci wahalarsa ba. Siffarsa ce ta yi kama da soson situdiyo, amma ba shi da kaurin da zai shanye sauti, ba ya hana ƙarar waje shigowa, ga shi abincin gobara ne a ɗakin da wayoyin wuta suka yi yawa. Katifa ɗaya ta fi kwali ɗari.

Lokaci ma kayan aiki ne. Tsakiyar dare bayan an kashe janareta, kafin zakaru su fara, ya fi kowane sa'i. Da damina kuwa, in hadari ya haɗo a ɗakin kwano, a haƙura sai ya wuce.

Harshenmu yana da baƙaƙe masu fitowa da bugun iska. Harafin b, da f yadda muke furta shi da leɓɓa biyu, suna tura iska kai tsaye kan faifan sai a ji bum. Su kuma ƙ da ts suna da tsini. Ragar tare iska tana magance na farkon, kuma ba sai an saya ba: a lanƙwasa waya ta zama zobe, a ja siririyar safa a kai, a tsayar da ita tsakanin baki da makirufo. Karkatar da makirufon kaɗan zuwa gefen baki yana rage duka biyun. A kuma lura, idan an matso ƙwarai murya na ƙara kauri. Mai siririyar murya zai ji daɗin haka, mai babbar murya ya ɗan ja baya da yatsa biyu.

Kuskuren da ya fi lalata aiki shi ne ƙure maɓallin ƙarfi. Sha'iri ya fara a hankali, da ya zo amshi ya ɗaga murya, sai fitila ta yi ja, sautin ya fashe. Abin da ya fashe ba ya gyaruwa, ko a wane situdiyo. A gwada wurin da ya fi ƙarfi a waƙar tukuna, a saita yadda ma'aunin zai tsaya tsakanin -12 da -6. A sa hedfon don kada kiɗan ya koma cikin makirufo. A ajiye aikin a tsarin WAV, busasshe, ba amsa-kuwwa ba otocun, a tura shi a matsayin fayil. Saƙon murya na WhatsApp yana matse sauti ya zubar da rabin kyansa.

Ban ce kwandensa ba shi da rana ba. Mai ɗaki shiru, mai murya mai taushi da ke son a ji kowane lanƙwasa, ko mai son ɗaukar 'yan amshi uku a tsaye gaban makirufo ɗaya, zai amfana da irin Audio-Technica AT2020, shi ma wajen dala 100. Billie Eilish da yayanta Finneas a ɗakin kwana na gidansu a Los Angeles suka yi faifan da ya ci babbar kyautar Grammy a 2020, kuma da kwandensa suka yi. Amma wanda ya saye shi ya ɗauki nauyin kula da shi. Ƙurar hunturu na kwanciya a kan faifan, laimar damina ta zo ta jiƙa ta, sai a fara jin tartsatsi. Da an gama aiki a mayar da shi jakarsa tare da 'yan ƙunshin nan masu shanye laima da ake samu a kwalin takalmi.

Saura sayen. Ko a Beirut Road ne ko Sabon Gari a Kano, ko a intanet, a san cewa SM58 yana cikin makirufon da aka fi yi wa jabu a duniya, kuma kwalin jabun ba ya bambanta da na gaske a ido. In aka ce maka sabo ne a kashi ɗaya bisa uku ko huɗu na farashinsa, ba shi ba ne. Gara XM8500 na gaske da Shure na ƙarya. Na hannu ba laifi ba ne idan dainamik ne, don ba ya saurin mutuwa. Kwandensa na hannu kuwa sai an saurare shi da kyau. Je da wayarka da mahaɗinka da hedfon ɗinka. Haɗa a gaban mai shago, ɗauki baiti ɗaya da ƙarfi, ɗaya a hankali, sannan ka yi shiru na daƙiƙa goma kana ɗauka, don a shirun ne ƙugi da shuuu ke bayyana. Girgiza kebul ɗin ka ji ko yana ƙaras-ƙaras. Ka karɓi rasit, ku kuma yi magana a kan canji tun kafin kuɗi ya bar hannunka, domin komawa Kano daga Gwaram saboda kebul ɗaya ya fi kuɗin kebul ɗin.