Dogon Dutsi da Tibiri: Yadda za a kare kayan tsakar gida daga ɓarayi

Duk wanda ya san ƙasar Arewa ta jihar Doso a Jamhuriyar Nijar, ya san cewa daga watan Maris zuwa Mayu ɗaki ba ya zaunuwa. Zafi kan haura digiri 40 da rana, da dare kuma bangon ƙasa da rufin kwano su yi ta amayar da shi. Don haka iyali kan kwaso gadaje, tabarmi da kujerun roba su fito tsakar gida, inda dama turmi, tukwane da amalanke suke kwana. Wato dukiyar talaka kusan duk tana fili, ga kuma darnin kara ko gajeriyar katanga da yaro ma zai iya tsallakewa.

Wannan lokaci ya zo daidai da cin rani. Da an gama girbin gero, magidanta da samari daga Matankari, Dogon Kirya, Dumega da Kore Mairuwa sukan nufi Yamai, Nijeriya, Benin ko Kwaddibuwa neman kuɗi, su bar mata da tsofaffi da tsaron gida. Ɓarawo kuwa ya san wannan sarai.

Haka kuma wurin yana da sauƙin ɓatar da kaya. Dogon Dutsi na kan babbar hanya mai lamba 1 wadda ta taso daga Yamai ta bi Doso zuwa Birnin Ƙonni da Maraɗi. Tibiri, wadda aka cire daga Dogon Dutsi ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, tana maƙwabtaka da jihar Kebbi. Kujerar da aka ɗauke da asuba tana iya kwana a wata kasuwa mai nisa.

Kayan ma sun sauya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Nijeriya ta katse wutar da take ba Nijar har zuwa farkon 2024, abin da ya ƙara tura jama'a ga faranti da batirin sola. Waɗannan a waje ake ajiye su, ga tsada, ga sauƙin ɗauka. Gadon ƙarfe da tukunyar dalma kuwa, ko an farfasa su masu sayen gwangwan za su auna su biya.

To, mene ne abin yi? Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Matakin farko shi ne a daina barin kaya inda mai wucewa zai hango. Kujerun roba a jera su ɗaya kan ɗaya, a zura sarƙa a ɗaure da ginshiƙin rumfa, a sa kwado. Amalanke a cire mata ƙafa ɗaya a shigar ɗaki. Farantin sola a kai wa mai walda ya yi masa firam a kan rufi, batiri kuma ya kwana a ciki.

Na biyu shi ne shaida. Kamar yadda makiyayi ke yi wa dabbarsa alama, a rubuta sunan gida da fenti a ƙarƙashin kujera, ko a zana shi da ƙarfe mai zafi. Kaya mai shaida yana da wuyar sayarwa, kuma shi ne hujjar mai shi a gaban mai unguwa ko jandarmomi.

Na uku, wanda ya fi duka, shi ne maƙwabci. Mai tafiya cin rani ya damƙa gidansa ga wani amintacce, a toshe ɓarakar darni da ƙaya, zaure kuma ya samu ƙyaure. Sannan jama'a su guji sayen kayan da arharsu ta yi yawa, domin dokar ƙasa tana hukunta mai karɓar kayan sata, kuma da babu mai saye da ɓarawo ya gaji.

Idan kuma dubu ta cika aka kama wani, a miƙa shi ga hukuma. Ɗaukar doka a hannu kan kujerar jika biyar ko shida na iya jefa mai kaya gidan kaso, ya bar iyalinsa cikin asarar da ta fi ta farko.