RIGIMA A KAN MANHAJAR DA KE TADA KWAMFUTA

Wanda duk ya sayo kwamfutar cinya ta gwanjo a Kafanchan ko Kaduna ya kai ta gida Kauru, da zarar ya danna maɓalli, akwai wata 'yar manhaja da ke riga kome farkawa. A jikin injin ta ke zaune. Ita ke duba sassansa, sa'an nan ta miƙa ragama ga Windows ko Linux. Kamfanoni sun rufe sirrinta, mai injin kuwa ba shi da ikon sanin abin da ta ke aikatawa.

Tun cikin 1999 masana a Los Alamos ta Amurka suka soma rubuta wadda kowa zai iya karantawa ya gyara, aka raɗa mata suna coreboot a shekarar 2008. A 2013 wata 'yar Ingila, Leah Rowe, ta tsamo Libreboot daga cikinta, ta zubar da duk wani yanki rufaffe. Ta shiga inuwar GNU, ƙungiyar Richard Stallman, a 2016, amma shekara ba ta ƙare ba suka ɓata, ta fice.

Babbar ɓarakar ta auku ne a watan Nuwamba na 2022. Injunan Intel na baya-baya ba su tashi sai da wasu rufaffun guntaye na kamfanin. Rowe ta ga cewa in aka kafe a kan tsarki, to, tsofaffin injuna ƙalilan kaɗai za a ceta, don haka ta yarda a riƙa sa guntayen inda ba makawa. Waɗansu suka ce wannan cin amana ne. Denis Carikli da Adrien Bourmault suka kafa GNU Boot a 2023, wadda ba ta karɓar ko ɗaya. Rowe ba ta bar musu fagen ba: a watan Oktoba ta fito da Canoeboot, ita ma tsarkakakkiya, watau kishiya a tsakar gidansu.

Hujjar 'yan GNU Boot ba ta banza ba ce, gama ba wanda ya san abin da ke ƙunshe a rufaffen guntu. Sai dai tsarkin yana da tsada. Injunansu irin su ThinkPad X60 da X200 ne, na wajen 2006 zuwa 2008, alhali a ƙarshen 2024 Libreboot ta kai ga T480, ƙirar 2018.