Me ya sa ake tsayar da jiragen ruwa lokacin gina gada?

Ɗauka kai ne matuƙin jirgin dakon alkama daga Bahar Aswad zuwa Bahar Rum. Hanya ɗaya ce gare ka: mashigan ruwan Turkiyya, Bosforus sannan Dardanel. A kan Dardanel ɗin aka gina gadar Canakkale 1915, daga 2017 zuwa Maris 2022, mai tazarar mita 2,023 tsakanin hasumiyoyinta biyu.

Yarjejeniyar Montreux ta 1936 ta ba jiragen kasuwanci 'yancin wucewa nan lokacin zaman lafiya, don haka zancen rufe mashigin har shekara biyar bai ma taso ba. Amma wasu ayyukan ba sa yiwuwa jirgi na ratsawa. Igiyar ƙarfe ta farko, wadda sauran wayoyin gadar za su bi, jirgi ne ke jan ta daga wannan gefe zuwa wancan, ta tare hanya kafin a ɗaga ta sama. Sassan shimfiɗar gadar ma a jirgi ake kawo su, a tsayar da shi cak ƙarƙashin inda za a ɗaga su.

Za ka ce, to jiragen su wuce a hankali mana! Nan gizo ke saƙar. Jirgi ba shi da birki. Babba mai kaya kan ci kilomitoci kafin ya tsaya, in kuma ya rage gudu sosai sitiyarinsa ya daina jin magana, ga ruwan Dardanel mai gudu da ƙarfi. Igiyar ruwan da ya tayar kaɗai tana iya kaɗa jirgin aikin, alhali ɗaruruwan tan na reto a sama.

Shi ya sa rufewar ta sa'o'i ce: a sanar tun da wuri, jirage su jira a bakin mashigi, aiki ya kammala a buɗe.